Kwandon Duvan

Fenna yarinya ce mai saurin hannu da saurin baki. Kafin ka gama tambaya ta ba ka amsa. Shekararta tara, kuma tana zaune a wani ƙaramin gari a arewacin Holand tare da Mama da Baba da ƙanenta Duvan.

Wata bakwai ke nan da zuwan Duvan gidan. Daga wani gidan marayu a Kolombiya Mama da Baba suka ɗauko shi, ya zama ɗansu. Tun haihuwa ƙafafunsa ba su da ƙarfi. Da wani ɗan keken turawa shuɗi yake tafiya, yana dafa shi yana jan ƙafa a hankali. Harshen garin ma bai gama kama bakinsa ba. Kalma ɗaya yake cirowa, ya huta, ya nemo ta biyu.

Fenna tana son ƙanen nan nata kamar me. Idan ya kalli madara, ta zuba masa. Idan baƙo ya tambaye shi sunansa, ita ke amsawa. Mama takan ce mata ta bar shi ya faɗa da kansa. Fenna ta ce to, amma kafin a jima ta manta.

Ranar Alhamis Duvan zai cika shekara shida. A makarantarsu, mai ranar haihuwa shi ke zagaya azuzuwa da abin taɓawa. Kowane malami ya ɗauka, sannan ya manna masa ɗan hoto a babban katinsa. Tun da Duvan ya ga wani ɗan ajinsu ya yi haka, bai sake zancen komai ba sai wannan.

Baba ya cire kwandon tsohon kekensa ya ɗaure a gaban keken Duvan. Mama kuma ta koya masa abin da zai ce. Kullum da safe, suna cin burodi, sai ya maimaita: "Yau ranar haihuwata ce. Ka ɗauki ɗaya." Har kyanwar gidan ya sha faɗa mata, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Ranar Laraba da yamma suka yanka cuku ƙanana-ƙanana. Duvan ne ya soka kowane yanki a tsinke, ya ɗora ɗan inabi a kai. Ya ɗauki lokaci, amma bai yarda kowa ya taɓa ba.

Da safiyar Alhamis malamar ajinsu ta ce ya zaɓi mai raka shi. Ya ce Fenna. Aka kira ta, ta zo tana murna.

Ƙofar farko ta ajin su Fenna ce. Duvan ya tura kekensa ciki. Yara ashirin da shida suka zuba masa ido. Malama Anouk ta sunkuya tana murmushi, tana jira.

Duvan ya buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Ya sake buɗewa. Daga baya wani yaro ya yi 'yar dariya.

Kunya ta kama Fenna, da tausayi. Ba ta san sa'ad da ta kwance kwandon daga keken ba. Ta ce wa Malama yau ranar haihuwarsa ce, ta ɗauki ɗaya. Sannan ta ce wa Duvan ya jira ta a baranda, kada ya gaji. Ta karɓe katin, ta bi azuzuwa da gudu. Kafin minti goma ta gama da aji bakwai.

Ta dawo tana haki, kati ya cika da hotuna. Ta miƙa masa tana jiran godiya. Duvan bai karɓa ba. Ya juya kekensa ya koma ajinsu.

A gida ma Duvan bai saki ransa ba. Kaka ta zo da kek mai tuffa, ya ƙi ci. Mama ta tambaye shi yadda zagayen ya kasance, sai ya kifa kansa a kan tebur.

Mama ta ja Fenna zuwa ɗakin girki, ta tambaye ta abin da ya faru. Fenna ta kwashe labari duka ta faɗa.

"Ai taimakonsa na yi, Mama. Dariya fa suke masa."

"Yaro nawa ne ya yi dariyar?"

Fenna ta yi tunani. "Ɗaya."

"Kwana nawa Duvan ya yi yana koyon maganar nan?"

Fenna ta sunkuyar da kai. Ta san ya fi mako biyu. A lokacin ne ta gane abin da ta yi, sai hawaye suka zubo mata.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ma ta sha yin irin wannan. Farkon zuwansa, ɗaukarsa take yi ta hau bene da shi, har wata rana ya ture hannunta ya rarrafa ya hau da kansa. Tun daga ranar, in ta ga yana fama, sai ta sa hannuwanta a aljihu ta ƙirga goma a zuci.

"In goma ta cika bai yi ba fa?" in ji Fenna.

"Sai in ci gaba da ƙirge. In yana son taimako, ya iya kiran sunana."

Fenna ta je ta zauna kusa da Duvan. Ta ce ya yi haƙuri, kwandonsa ne, maganarsa ce, bai kamata ta ƙwace ba. Ya kalle ta ta gefen ido. Sannan ya jawo farantin kek ɗin ya fara ci.

Da ta buɗe firji don ta ɗauko madara, sai ta ga tsinke biyu da suka rage. Nan ta tuna akwai mutum ɗaya da ta tsallake a gudunta: Malam Sjoerd, dattijon da ke kula da ginin makaranta. Ta gaya wa Duvan. Ya ɗago ya dube ta sosai, karo na farko tun safe.

Washegari Baba ya mayar da kwandon wurinsa. Da Fenna da Duvan suka isa makaranta, suka tarar da Malam Sjoerd yana gyaran ƙofar ɗakin ajiye kekuna. Ya ajiye gudumarsa, ya tambayi Duvan ko lafiya.

Duvan ya buɗe baki. Shiru.

Maganar ta zo wa Fenna har bakinta. Ta cusa hannuwanta a aljihun rigar ruwanta, ta fara ƙirge. Biyar. Takwas. Goma ta wuce. Ba ta taɓa sanin ƙirge yana da wuya haka ba.

Tana kaiwa sha huɗu Duvan ya ce, "Jiya ranar haihuwata ce. Ka ɗauki ɗaya. Ni na yi."

Malam Sjoerd ya ɗauka ya cinye, ya ce bai taɓa cin cuku mai daɗin wannan ba. Ba shi da hoton mannawa, sai ya zana guduma a bayan katin da fensirinsa.

Saura tsinke ɗaya a kwandon. Duvan ya ɗauka ya juyo.

"Fenna. Ke ma."

Sai a lokacin ta ciro hannu daga aljihu ta karɓa.

Daga ranar Fenna ta koyi cewa ba kowane taimako ba ne yi wa mutum abu. Wani lokaci taimakon shi ne ka tsaya kusa da shi, ka jira ya yi da kansa. Har yanzu bakinta da sauri, wannan kam ba a raba ta da shi ba. Amma in Duvan ya fara magana, za ka ga hannuwanta a aljihu.