Tabarmar da Ba Mu Shimfiɗa Ba

"Ba zan yi kukan nan ba, Talha! Wallahi ba zan yi ba..."

Na jefar da takardar a kan bencin aji. Sauran 'yan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo suka juyo suna kallona.

Talha ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe. Malamin firamare ne a nan Funtua, shi ya rubuta wasan, shi ne kuma mutumin da ya hana zuciyata sakat wata takwas.

"Mansurata, mene ne laifin wurin? An kashe mijin matar, ana zaman makoki, ta fashe da kuka..."

"Wane zaman makoki? Mu ka ga mun yi zaman makoki?"

Ya mayar da ido kan takardar.

Ɗan birni kenan. Ya rubuta wasa a kan 'yan gudun hijira, bai san abin da ya fi ci mana rai ba. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu can bayan Dandume, a gonar masara suka harbe Babana. Maza suka rufe shi a gurguje. Washegari muna cikin wani kango a Funtua, ni da Gwaggo, yayarsa. Wa zai yi wa wani gaisuwa, kowa da tasa gawar? Shekara biyu, ko mutum ɗaya bai durƙusa ya ce mana ya haƙuri ba.

Ina gama faɗa masa na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ki yafe mini, sanyin idona. Gaya mini yadda za a gyara."

Haka muka sauya ƙarshen wasan. Matar za ta shimfiɗa tabarma a garin da ba ta san kowa ba, ta zauna jiran masu gaisuwa. Babu wanda zai zo. A nan za a tashi.

To, a cikinmu akwai Hansai. Ita ta so a ba ta wannan matsayin, kuma ba matsayin kaɗai take so ba, har da Talha. Ban san lokacin da ta san hanyar gidanmu ba, har ta kai wa Gwaggo tsegumi.

Ina shiga na tarar da Gwaggo tana tsince wake, fuskar nan a ɗaure.

"Mi nake ji, ɗiyar nan? Mutuwar ubanki ce kuka mayar abin kallo?"

"Gwaggo, ba haka ba ne..."

"An ce yaron nan tara mutane zai yi su yi ta tafi! Shi ne mai son aurenki?"

"Ki zo ki gani da idonki, don Allah."

"Zan zo! In kika hau wurin nan, da hannuna zan jawo ki ƙasa. Shi kuma kar ya ƙara taka mini ƙofa."

Na san halin Gwaggo, kaifi ɗaya ce. Kawuna ne waliyyina, amma ko tari ba ya yi sai ya kalli fuskarta. In ta ce a'a, na rasa Talha ke nan.

Ranar Asabar bayan La'asar filin makarantar ya cika. Rabin masu kallon mutanenmu ne, waɗanda aka koro daga ƙauyuka.

"Ki fasa in kina so," in ji Talha a hankali. "Wasan bai kai ki a wurina ba."

"Kai dai ka riƙe mini mayafi. Matsoraci kawai."

Ya yi murmushi, ya karɓi mayafin.

Wasa ya yi ta tafiya har aka zo ƙarshe. Na warware tabarmar, na zauna, na sunkuyar da kai. Ta gefen ido na hango Gwaggo ta miƙe tsaye.

Sai wata ta riga ta.

Inna Zaituna ce, maƙwabciyarmu a ƙauye, wadda ta rasa 'ya'ya biyu rana ɗaya. Ta tako a hankali, ta cire takalmanta a bakin tabarma, ta durƙusa. Ita kam ba ta ga wasa ba. Ta ga an shimfiɗa tabarmar makoki babu kowa, kuma a wurinmu wannan abin kunya ne.

"Mansura, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam Sada."

Sunan Babana!

Kukan da na rantse ba zan yi ba, shi ya ƙwace mini.

Mata suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta gaishe ni, ta juya ta gaishe da Inna Zaituna, ita ma a ambaci nata. Wani dattijo ya ɗaga hannu, maza suka shiga addu'a. Babu wanda ya tafa. Har Hansai na gani tana share ido da bakin hijabi.

Sai ga ƙafafun Gwaggo a gabana.

Na runtse ido, ina jiran ta damƙi hannuna.

"Matsa," ta ce. "Ƙanena ne."

Ta zauna kusa da ni, ta gyara lulluɓi. Aka yi ta gaishe ta tana amsawa, hawaye na bin kuncinta, ba ta ko share ba.

Talha na can gefe rungume da mayafina, ya rasa inda zai sa kansa. Gwaggo ta ɗaga kai.

"Kai, malamin makaranta! A gidanku ba a koya maka gaisuwa ba?"

Ya cire takalmi, ya zube a gabanta.

"Gwaggo, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

"Amin. Da godiya."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Yau muka fara zama," ta ce. "Ka bari a yi sadakar uku tukuna. Sannan ka turo manyanka."