Ranar da Mai Raɗa Ta Yi Shiru

Jar fitilar kyamara ta kama, amma daga bayan kujera shiru!

Lamduan, tauraruwar wasan, ta kasa kunne tana jiran a raɗa mata abin da za ta faɗa.

Wata biyu ke nan da buɗe gidan talabijin na farko a Bangkok, kuma komai kai tsaye ake haska shi. Ba wanda ke haddace wasa. Mai raɗa ce ke durƙusawa bayan kujera da takarda, tana jefo wa ɗan wasa maganarsa.

Mai raɗar yau Chaluai ce, wadda mahaifiyar Prayun mai kyamara ta so ya aura, shi kuwa Lamduan yake so.

"Chaluai... jefo min maganata," Lamduan ta faɗa ta gefen baki.

"Tauraruwa guda? Ai sai ki haska mu gani," Chaluai ta raɗa, ta kife takardar.

Lamduan ta san wa ke kallo. Da ƙyar Prayun ya lallaɓa mahaifiyarsa, Mama Thongbai, ta je shagon mai taliya, inda akwatin talabijin ɗaya tilo na unguwarsu yake. Ita ce ta taɓa ce masa, "Aku za ka kawo min? Mace a akwati tana maimaita abin da aka sa mata a baki? Ba a gidana ba!"

In ta yi kame-kame yau, aiki ya tafi, Prayun ma ya tafi.

Ta ɗaga ido. Prayun ya leƙo ta gefen kyamara, leɓɓansa suka motsa: "Ina nan, rabin raina."

Ya turo kyamarar har fuskar Lamduan ta cika akwatin.

A wasan, budurwa ce ke roƙon uwar masoyinta. Lamduan ta ja numfashi.

"Mama... ban zo ƙwace miki ɗa ba. Ke kika goya shi a kwalekwale kina sayar da mangwaro, duk kogi na kallonki, ba wanda ya ce kin zubar da mutunci. Ni ma aikina nake yi a gaban mutane. Ki bar ni in so shi tare da ke."

Hawaye ya wanke mata hoda. Ba ko kalma ɗaya daga takarda.

Ana kashe fitila shugaban gidan ya faɗo ɗakin. "Wa ya rubuta wannan?!"

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Lamduan.

"To wasan mako mai zuwa ke za ki rubuta! Chaluai, tashi, kujera ba ta buƙatarki."

Washegari da hantsi Mama Thongbai ta tsaya a ƙofar su Lamduan, Prayun a bayanta rungume da kwanon neman aure lulluɓe da ganyen ayaba, sai murmushi yake.

"Ke, 'yar nan! Wa ya raɗa miki zancen kwalekwalena?"

Lamduan ta haɗa tafukanta a ƙirji. "Ba kowa, Mama. Yaya Prayun ya taɓa ba ni labari, na riƙe."

Tsohuwar ta harari ɗanta. "Sarkin surutu!"

Sannan ta kamo hannun Lamduan.

"Kin sa ni kuka a gaban mai taliya. Aku bai isa ba. Karɓi kwanon nan, 'yata, kafin wannan sakaran ya yar da shi."