Jirgin Da Ban Zaɓa Ba

"'Yata, ki faɗa min tsakaninki da Allah. Da mahaifinki ne zai shiga teku, wane jirgi za ki saka shi?"

Biron da ke hannuna ya tsaya cak.

Dattijon daga Nairobi ya zo, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, suna son su yi kwana biyar suna fita kamun manyan kifaye. Shekarata huɗu a teburin otal ɗinmu na garin Watamu da ke bakin teku ina haɗa baƙi da matuƙa jirage, ba a taɓa yi min tambayar da ta ƙona min rai kamar wannan ba.

Jirage biyu ne suka rage a makon. Na Famau da na Shebe.

Famau kuwa shi ne rayuwata.

Kwana ɗaya kafin nan, da la'asar, ya tare ni a gindin kwakwar bayan otal, idanunsa jawur. Baba ya rantse ba zai ba da ni ga mutumin da jirginsa ya yi wata uku kwance a kan yashi ba.

"Mwanaidi, fita ɗaya tak, zuciyata," ya ce. "Baba ya ga jirgina a ruwa ɗauke da baƙi, ni kuma in turo manyana."

Na yi masa alkawarin baƙi na gaba nasa ne. Amma na san jirgin ciki da bai. Injinsa ɗaya ne, shi ma sai an lallaɓa yake tashi. Rediyonsa ya mutu tun bara, rigunan ceto uku ne kacal, ga iskar kudu ta fara kaɗawa. Na Shebe kuwa inji biyu, komai sabo. Shebe ne mai kawo wa Baba kifi duk Juma'a, ya zauna shan shayi yana sukar Famau cikin murmushi, don ni yake so.

Na dubi ƙaramar 'yar dattijon, tana ta dariya tana gwada hular rana.

"Na Shebe," na ce.

Ban san muryata ce ba.

Kafin azahar labari ya zagaye bakin teku. Shebe ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya yana cewa Mwanaidi da bakinta ta kira jirgin Famau makara, kuma ba jirgi kaɗai ta zaɓa ba, har da mai jirgin.

Famau ya same ni a hanyar gida. Na rantse masa ban faɗi haka ba, na ce ran mutum huɗu na duba, na roƙe shi ya bari mu gyara injin tukuna.

"Amma sunansa kika faɗa ko?"

"Famau, ka saurare ni..."

"Sunansa kika faɗa?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya.

Washegari da safe ya tura jirginsa ruwa shi kaɗai. Ya gaya wa masunta zai je can tsakiya, inda ƙasa ke ɓacewa, ya kamo kifin da zai rufe bakin kowa.

Rana ta faɗi bai dawo ba. Ta sake fitowa ta faɗi.

Kwana biyu ina tsaye a gaɓa tare da mahaifiyarsa, ko ruwan da na miƙa mata ba ta karɓa ba. Na roƙi Allah ya dawo min da shi ko da ba zai ƙara kallona ba.

A rana ta uku aka hango su. Jirgin Shebe ne a gaba, yana jan na Famau da igiya. Injin ya mutu, iska ta kwashe shi. Shebe bai bi gajeriyar hanya ba, sai da ya ratsa ta gaban otal-otal a hankali, baƙi na ɗaukar hoto. Famau na zaune a bayan jirginsa, leɓensa duk sun tsage, ya rufe fuska da riga.

Na shiga ruwa har ƙugu ina kuka, na kama hannunsa.

"Masoyina, ka dawo..."

Ya zame hannun a hankali. Da ƙyar muryarsa ke fita.

"Gaskiyarki ce, Mwanaidi. Da baƙin nan na ɗauka, da ƙaramar 'yarsu ba ta kai yau ba."

"To ka yafe min."

"Ba ki yi laifi ba. Amma duk lokacin da na kalle ki, igiyar nan zan riƙa gani."

Cikin mako guda ya sayar da jirgin, aka ce zai koma tsibirin Pemba wajen kawunsa. Shebe ya turo manyansa, na ce wa Baba ko shi kaɗai ya rage a duniya ba na so. Baba bai matsa ba. Ya ce dai in yi haƙuri, na ceci rayuka.

Ranar tafiyar na bar teburin na ruga tasha ba ko takalmi. Motar Mombasa, inda zai hau jirgin Pemba, ta riga ta tayar. Yana jikin taga, na buga gilashin da tafin hannu na kira sunansa.

Ya ji ni. Na ga hawaye na bin kuncinsa.

Ya ja labulen.