Mabuɗin Ɗakin Inji

Muhsin ɗan Ikara ne ya sauke tsofaffin fitilun titin Makarfi, ya ɗaura sababbi. Sababbin farare ne, ba su cin wuta da yawa. Rana take yi musu caji, da magariba su kunna kansu.

Tsofaffin kuwa inji ne yake ba su wuta, Malam Ɗan'azumi ne mai tada shi. Tun gemunsa yana baƙi yake wannan aiki. In ya ratso kasuwa da mabuɗi a hannu, masu shayi da masu tsire sukan ce, "Ga mai wuta nan." Ba shi da wani suna a gari da ya wuce wannan.

'Yarsa Hafiza ce take kai masa abinci ɗakin inji. Wata rana ta tarar da Muhsin a kan tsani a bakin ɗakin. Filaya ta suɓuce masa, ta ɗauka ta miƙa.

"Na gode, 'yan mata. Kin hutar da ni."

"Ka riƙe da kyau. Kan mutane ba ƙarfe ba ne."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, amma da ta yi nisa ta waiga.

Ya nemi gidansu, ya fara zuwa zance. Da magana ta yi ƙarfi ya turo manyansa. Ɗan'azumi ya saurare su har suka gama.

"Yaron da ya zo kashe min inji? Ku gai da gida."

Shi tsohon Bashir yake so ta aura, wani dillalin masara daga Kudan. Ya ce wa Hafiza, "Ba zan yi miki dole ba. Amma mai tsanin nan, ba da bakina ba."

Muhsin ya turo mata saƙo:

"Hafizata, ban zo don in ci mutuncin Baba ba. Aiki aka ba ni. Layinku kaɗai ya rage, kuma ba zan taɓa shi ba sai ya yarda. Ki ci abinci don Allah."

Ta amsa:

"Yayana, Baba ba ya ci, ni ma na kasa. Na sallami Bashir. Ka yi haƙuri da mu."

Gari duk ya yi haske, ban da layinsu. Aka daina kawo man inji, don ba mai saye saboda layi ɗaya. Layin ya zauna cikin duhu. Maƙwabta suka yi ta ƙorafi. Ogan Muhsin ya matsa masa, shi kuma yana ta cewa gobe. Ɗan'azumi bai fasa ba. Kullum da magariba ya buɗe ɗakin, ya goge injin, ya kulle.

Ranar nan bayan isha'i, Kulu mahaifiyar Hafiza tana dawowa daga barkar haihuwa. A kwanar layin ɗan acaɓa ya buge ta. Bai gan ta ba. Ƙugunta ya karye. A asibiti aka ce ba za ta ƙara tafiya ba sai da sanda.

Muhsin ya zo dubiya. Ya tarar da tsohon a zaune a ƙasa, Hafiza tana kuka a bakin ƙofa. Ya durƙusa.

"Baba, da na ɗaura fitilar nan..."

"Rufe bakinka. Kai ka hana?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Gobe ka kawo tsaninka. Ka ce manyanka su dawo."

Aka ɗaura fitilun. Aka ɗaura aure ranar Juma'a, ba kiɗa. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kulu tana kwance ta dafa kan Hafiza ta sa mata albarka. A mota, hanyar Ikara, wayar amarya ta yi ƙara:

"Matata, ki daina kuka. Inna tawa ce, Baba ma nawa ne."

Bayan kwana biyu suka zo gai da iyaye. Hafiza ta shiga wurin mahaifiyarta. Muhsin ya sami tsohon a bakin ɗakin inji, da tsumma a hannu. Ana kiran sallar magariba, fitilun layin suka kama da kansu. Ɗan'azumi bai ɗaga kai ba.

Muhsin ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Sannan ya ce:

"Baba, an ce in karɓi mabuɗin. Za a ɗauke injin."

Tsohon ya kulle ƙofar, ya jefa mabuɗin a aljihu.

"Na ba ka titi. Na ba ka 'yata. Wannan kuwa ba zan bayar ba."