Wutar da Meshak Ya Kunna

"Ki mayar masa da zobensa."

Haka ɗana Dickson ya ce wa 'yarsa Bernice a gabana, ina zaune ina ɓarar gyaɗa. Ya dawo daga gona ke nan, toka har gwiwa.

"Baba, ka tsaya ka ji..."

"Me zan ji? Na ga gonar da idona."

"Ba da mugunta ya yi ba."

"Ashana a hannunsa, a gonata. Ko ƙarya nake yi, Mama?"

Na ce ba ƙarya yake yi ba. Ni Martina ba na gyara magana don wani ya ji daɗi.

Bari in gaya muku yadda aka yi. Meshak, wanda aka sa wa rana da jikata, shi ne shugaban 'yan banga a ƙauyenmu, can bayan Fadan Kaje. Ofishin 'yan sanda da nisa. Motar kashe gobara kuwa sai Kafanchan. To ko akuya aka sace, ko wuta ta tashi, Meshak da yaransa ake nema. Akwai tsohon ƙarfen tayar mota a rataye a mangwaron gaban coci. In ka ji ana buga shi ba tsayawa, ka ɗauki bokiti ka fito.

Ran kasuwa da rana tsaka aka buga shi. Masu farautar gafiya sun sa wa daji wuta a gefen rafi, iska ta juya, wutar ta nufo kilinik, ƙaramin asibitinmu. Mace tana naƙuda a ciki. Tsakanin wutar da kilinik ba komai sai gonar Dickson, ciyawa ta bushe har ƙugu. A nan ya tara irin cittarsa, ya lulluɓe da ciyawa yana jiran ruwan farko. Tun shekarar da cuta ta cinye citta, mai iri ko ƙaninsa ba ya nuna wa inda ya ajiye.

Dickson yana kasuwa. Ruwan bohol bai isa komai ba. Sai Meshak ya sa aka share bayan kilinik da fartanya, ya ƙyasta ashana a gonar surukinsa, don tasa wutar ta je ta tari babbar, ta iske ba abin ci.

Kilinik ya tsira. Irin Dickson ya zama gawayi.

Tun daga ranar Bernice ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta ɗora tukunya ta manta. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. In babur ya wuce ta miƙe, in ubanta ya yi tari ta zauna. Uwarta ta rasu ran da aka haife ta, uban bai sake aure ba, shi ya goya ta a kafaɗa har gona. Yarinya irin wannan ba ta iya juya wa ubanta baya. Amma zoben bai fita daga yatsa ba.

Da ta ɗauki jarka za ta bohol, na ce ina zuwa.

"Kaka, ƙafarki fa?"

"Ƙafata ce ko taki?"

Meshak yana can kuwa, da hannu a naɗe da bandeji. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Angona," na ce, "ka gasa mana citta ba ka kawo mana shayi ba."

Bai yi dariya ba. Idonsa na kanta.

"Kin rame, abar ƙaunata."

"Kai ka ramar da ni. Meshak, abu ɗaya nake roƙo. Ka je ka ce masa kuskure ne."

"Zan durƙusa masa a gaban coci. Zan sayar da babur ɗina."

"Ka yi sintiri da ƙafa? Ba babur yake so ba. Ka ce iska ce ta kwashe wutar..."

"Ni na kunna, Bernice."

"Na sani. Ka faɗa kawai."

"In na ce kuskure ne, gobe wuta ta taso ta gonar wani, yarana za su tsaya suna kallona. Ba wanda zai ƙyasta."

"To ni fa? Ni ba kilinik ba ce, shi ya sa?"

Ta murza zoben nan har yatsa ya yi ja, ta cire, ta miƙa masa tana kuka. Kafin ya ɗaga hannu na karɓe.

"Ajiya," na ce. Na ƙulle a bakin zani.

Ni ban yi makaranta ba. Amma duk wanda na taɓa yi wa abu a garin nan, yana nan a kaina, da ranar da yanayin fuskarsa. Ban taɓa tambaya ba. Mutane suna cewa Kaka Martina akwai kirki. Ajiyewa nake yi.

Washegari na ɗauki buhu da sanda. Na fara da maƙwabciyarmu Bridget.

"Shekarar da ɗakinki ya ƙone, wa ya ɗauko miki ciyawar jinka daga dutse?"

"Kai Mama, wannan ai tun ina amarya."

"Ciyawar ta tsufa, wuyana bai manta ba. Kwano ɗaya na irin citta."

"Wallahi ba ni da..."

"Ƙarƙashin gwandar bayan ɗaki. Na ga inda kike kai ruwa."

Ta kawo tana gunaguni. Na wuce wurin Hajiya Kubra mai sayen citta, wadda na yi wa jinya da zazzaɓin damina ya kwantar da ita. Ita ba ta bari na gama magana ba, ta cika kwano har yana zuba, ta ce in gaida amarya. Mijin mai naƙudar nan ya so ya ba ni kaza. Na ce kaza ba ta tsira a ƙasa. Wasu suka ji ƙarar sandata suka rufe ƙofa. Na zauna a bakin ƙofar har zafin ɗaki ya fito da su.

Kafin Lahadi buhuna sun tsaya a tsakar gidanmu. Na aika a kira Meshak, ya zo. Dickson ya fito ya gan shi, ya ga buhuna, fuskarsa ta haɗe.

"Mama, kin je kin yi bara da sunana? Ni ba na cin sadaka."

"Wa ya ce naka ne? Abina na karɓo. Na ba Meshak aro. Shi da yaransa za su shuka a gonarka."

"Ba zai taka gonata ba."

Bernice tana bakin kicin, ta riƙe ƙofa.

"Zauna," na ce. "Kai ma ina binka amsa. Filin da aka gina kilinik, na waye?"

Ya zauna, ya kau da kai.

"Na waye, Dickson?"

"Nawa."

"Me ya sa ka yanka gonarka ka bayar?"

"Mama, ki bari..."

"Ba zan bari ba. Ni na riƙe kan matarka Rosemary a bayan a-kori-kura, a hanyar asibiti. Kai ka riƙe jaririyar nan. Ka ce ba macen da za ta sake mutuwa a hanya a garin nan. Ka ɗauki bulo har kafaɗarka ta saɓule. To ran kasuwa, da kana gida, ashana a hannunka, me za ka ƙona?"

Dickson ya juya ga Meshak.

"Ba lokacin kwashe irin?"

"Babu, Baba. Na duba sau biyu."

"Matar... ta sauka lafiya?"

"Mace ta haifa."

Dickson ya share fuska da hula. Ya je ya buɗe buhu ɗaya, ya karya citta, ya shinshina.

"Wannan na Bridget ne. Ba ta iya zaɓen iri ba." Ya jefar. "Ruwa na sauka ka zo da fartanya. Kada ka zo min da ashana."

Bernice ta rusa kuka, ta rungume ƙafar ubanta. Na kwance bakin zani na ba Dickson zoben, shi ya sa mata da hannunsa.

An ɗaura aure bayan shuka. Ana cikin rawa Meshak ya durƙusa kusa da kujerata.

"Kaka, da me zan biya ki?"

"Irina, bayan girbi, ka cika kwano yadda Hajiya ta cika. Sannan 'yar fari a kilinik ɗin nan za a haife ta, sunanta Martina."

"In namiji ne fa?"

"Sai ku sake. Ina jira."