Tikitin Dawowa

Tun da aka idar da sallar la'asar Mahbuba take hawa da sauka a benen gidansu da ke Fagge, jakar goyo cike da robobin ruwa a bayanta, sabon takalmin hawan dutse a ƙafarta. Zufa ta jiƙa ɗankwalinta sharkaf, amma ta ƙi zama. Mijinta Abdulƙahhar yana kishingiɗe a falo yana duba yanayin sanyin ƙasar Maroko a waya, duk ta gifta sai ya bi ta da dariya.

"Madam, ki rage wa dutsen sauran ƙarfin mana. Maƙwabta za su zaci gini muke rushewa."

"Yallaɓai, ci gaba da cin cincin ɗinka," ta ce tana haki. "Ranar da numfashi ya ƙare maka a tsakiyar hanya, ba ni zan goya ka ba."

Shekara uku ke nan da aurensu. Ita malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata, shi kuma yana da shagon kekuna da kayan wasanni a Kasuwar Sabon Gari. A shagon ma suka haɗu, ranar da ta je sayen ƙwallayen makaranta ta tsaya tana yi masa gardama kan ingancin kayansa. Dukansu ba su iya zaman wuri ɗaya ba. Sun hau Dala, sun hau Goron Dutse har sun haddace su, kuma tun kafin aure suka yi wa juna alkawarin wata rana za su fita waje su taka dutse na gaske, mai ƙanƙara a kansa.

Bana ne Allah ya kawo hali. Ogechi, ƙawar Mahbuba tun firamare, tana da ofishin shirya tafiye-tafiye a Sabon Gari, ita ta tsara musu komai. Hutu ne gajere da bai kai mako ba, don ba a barin shago da daɗewa, hutun makaranta ma ba shi da tsawo. Za su bi ta Legas su sauka Maroko, mota ta kai su wani ƙauye a gindin duwatsun Atlas, daga nan su bi ɗan jagora a ƙafa, suna kwana a masaukan matafiya har su kai ƙololuwa. Ogechi ta ce su saba da takalman tun a gida, su nemi rigunan sanyi masu kauri a gwanjo, su yi inshorar lafiya. Duk sun yi. Biza kawai suke jira.

Mahbuba na saukowa karo na ƙarshe aka yi sallama a bakin ƙofa. Ya Falmata ce, yayar Abdulƙahhar, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu har ta yi masa aure. Daga Rijiyar Lemo ta zo, da kular ɗanwake a hannu. Ta dubi jakar da ke bayan Mahbuba, ta dubi ta biyun da ke jingine da kujera, sai fara'ar fuskarta ta ɗauke gaba ɗaya.

Abdulƙahhar ya miƙe da rawar jiki yana yi mata bayani: ai dama suna shirin zuwa su sanar da ita, 'yar tafiya ce ta kwanaki, za su je Maroko su hau dutse su dawo. Ya Falmata ba ta ko zauna ba. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda mai hankali ya bar kasuwarsa ya tafi wata ƙasa don ya wahalar da ƙafarsa ba. Ta ce tun ranar da ta ga amarya da takalmin kambas ta san za a zo nan, matar da ba ta iya zaman ɗaki ba sai ta ja ɗan mutane uwa duniya.

"Ya Falmata, don Allah ki saurare ni," in ji Mahbuba.

"Ba da ke nake ba." Ta juya ga ƙanenta. "Abdulƙahhar, ni na goya ka, ni na yi maka wanki. In ka saɓa wannan jakar ka fita ƙasar nan, ban yafe ba."

Ta ajiye kular a ƙasa ta fita. Ya bi ta har bakin titi, ya dawo shi kaɗai, idanunsa jajur.

Daga ranar gidan ya rasa sukuni. Abdulƙahhar ya daina zuwa atisaye da safe, abinci sai ya tsakura ya ture, in ta ɗauko zancen tafiya sai ya tuna yana da mai jiransa a shago. Ita kuma ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ninke rigunan sanyi ta warware, ta sake ninkewa. A makaranta har ɗalibanta suka lura Malama tana busa usur ba a kan ƙa'ida ba.

Wata ranar Laraba ya dawo daga kasuwa, ya zauna a bakin gado bai kalle ta ba, ya ce an hana su biza. Mahbuba ta yi kuka sosai, amma da ta ga yadda ya sunkuyar da kai sai ta share hawayenta ta koma lallashinsa. Ta ce haka Allah ya so, wata shekarar sai su sake nema.

Bayan kwana biyu ta shiga Sabon Gari sayen kayan miya, ta ce bari ta leƙa Ogechi ta ji ko akwai abin da suka yi ba daidai ba, don su gyara gaba. Ogechi ta tarbe ta da murna, ta jawo durowa ta fito da fasfo biyu.

"Ƙawata, sai yau? Tun makon jiya biza ta fito. Oga ya ce in riƙe tukuna, na zaci surprise zai yi miki."

Mahbuba ta buɗe fasfonta, ta ga hotonta da hatimin a manne. Ta yi murmushin dole, ta ce e, lallai ya ba ta mamaki, ta karɓa ta fita. Ba ta hau adaidaita ba. A ƙafa ta ratsa cunkoson kasuwa, masu kura na yi mata ihu ta kauce, ba ta ma jin su, har ta isa Fagge.

Da Abdulƙahhar ya dawo ya tarar da fasfo biyun a kan tiren abincinsa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Abdul," ta ce. Tun aurensu ba ta taɓa kiran sunansa haka ba. "Da ka ce mini ba za ka iya saɓa wa yayarka ba, wallahi zan ji zafi, amma zan fahimta. Sai ka zauna kana kallona ina kuka a kan ƙarya, har ni ce mai ba ka haƙuri?"

Bai kare kansa ba. Ya ce ya rasa yadda zai yi ne, ya ji tsoron ta tsani Ya Falmata, ya ga gara laifin ya hau kan ofishin jakadanci da ba shi da fuska. Sannan ya ba ta labarin da ba a yinsa a gidansu. Mahbuba ta san suna da ɗan'uwa mai suna Modu, an ce mata ya rasu a tafiya. Gaskiyar ita ce babu wanda ya san ko ya rasu. Shekaru da dama da suka wuce Modu ya ce zai bi ta sahara ya tsallaka Turai neman arziki. Ya Falmata ta hana, ya nace, ƙarshe ta gaji ta saya masa jakar goyo, ta raka shi tasha da kanta. Ya kira sau ɗaya daga Agadas. Tun daga nan shiru. Har yau in baƙuwar lamba ta ƙasar waje ta shigo wayarta, da gaggawa take ɗauka.

Hawaye suka bi kumatun Mahbuba. Can ta ce dutsen yana nan ba inda za shi, za ta iya jira. Amma ƙarya, kada ya sake, ko da don ya kare ta ne. Ya rantse mata, ya roƙi gafara, ta ce ta yafe, ko da yake sai da aka ɗauki kwanaki kafin dariyarta ta dawo gidan.

Ranar Asabar ta yi alkaki ta nufi Rijiyar Lemo ita kaɗai. Ta durƙusa ta gaida Ya Falmata, ta ce sun fasa tafiyar, kuma ba za su je ko'ina ba sai da yardarta. Ya Falmata ta ce to, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ko ruwa ba ta ba ta ba.

Haƙurin bai zo wa Mahbuba da sauƙi ba. Hutun makaranta ya zo ya wuce tana Kano. Wa'adin biza ya ƙare a cikin durowa. In ta ga hotunan wasu matafiya a waya sai ta kife ta, ta ɗauki tsintsiya ta share gidan da ta riga ta share. Wata rana ma ta shirya tsaf za ta je ta faɗa wa Ya Falmata cewa ba ita ta ɓatar da Modu ba, har ta kai bakin titi, ta tsaya, ta juyo gida ta yi alwala. Duk da haka ba ta fasa zuwa Rijiyar Lemo duk Asabar ba. Ta yi mata kitso, ta raka ta asibiti awon hawan jini, ba ta taɓa ɗauko zancen tafiya ba.

Ana cikin kitso ne wata rana Mahbuba ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ya Falmata, wane irin mutum ne Ya Modu?"

Ta ji kan da ke hannunta ya ƙame. Ta zaci za a kore ta. Sai ta ji Ya Falmata ta ce, a hankali, shi ma bai iya zama ba, kamar ke. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi yadda yake hawa katanga tun yana yaro, yadda yake son tuwon dawa da miyar kuka, yadda ya waiwayo ya ɗaga mata hannu ta tagar mota. Ta ce shekara da shekaru kowa na tsoron ambaton sunansa a gabanta, kamar ba a taɓa haifarsa ba. Suka yi kuka tare, kitson ma ba a ƙarasa ba sai washegari.

Bayan wasu makonni Ogechi ta kira Mahbuba a makaranta, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ga wata Hajiya nan a ofishinta tun safe, ta ce ita yayar Oga ce, ta titsiye ta da tambayoyi kamar 'yar sanda. Mahbuba ta nemi izini ta garzaya.

Ta tarar da Ya Falmata zaune daram, jaka a cinya, Ogechi na juya mata fuskar kwamfuta. Ya Falmata ta riga ta tambayi sunan ɗan jagoran da ko yana da iyali, inda za a kwana, abin da za a ci, wanda zai ɗauko mutum in ya karye a kan dutse, da ko akwai wurin sallah. Ogechi ta kira ɗan jagoran ta bidiyo, wani dattijo mai rawani, Ya Falmata ta ƙare masa kallo ta ce da alama yana da tsoron Allah.

"Yanzu saura ɗaya," ta ce. "Wannan tafiyar, da ranar dawowa a rubuce?"

"Mama, ba a ma ba da biza sai an ga tikitin dawowa. Tare ake yankan su, na tafiya da na dawowa."

"Shi nawa na tafiya kawai ya yanka," in ji Ya Falmata. Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta juyo ta ga Mahbuba tsaye a ƙofa. "Ke kuma tsayuwar me kike? Sai ki kawo mata fasfo ɗin a sake nema. Amma kullum sai na ga fuskarku a waya. Kuma ni zan kai ku filin jirgi, ni zan ɗauko ku."

Mahbuba ta zube a gabanta ta rungume ƙafafunta.

Da hutu ya zagayo suka tafi. Dutsen ya fi yadda suka zata wuya. Sanyi ya fasa musu leɓe, Abdulƙahhar ya yi amai a hanya, dunduniyar Mahbuba ta yi kanta, amma sun kai ƙololuwa, suka tsaya hannu cikin hannu suna kallon gajimare a ƙasansu. Kullum in sun samu sabis sai sun kira Rijiyar Lemo, Ya Falmata ta yi musu faɗa kan rashin rufe kunne.

Ranar dawowarsu tun hantsi Ya Falmata take filin jirgin Kano, alhali sai da yamma jirgin Legas zai sauka. Ta ƙi zama, ta ƙi cin komai, duk ƙofar ta buɗe sai ta yi ɗage. Da ta hango su, fuskokinsu sun ƙone da sanyi, Abdulƙahhar ya taho da sauri ya buɗe hannuwa. Ta wuce shi. Ta je ta rungume Mahbuba, ta ƙanƙame ta tana kuka a bainar jama'a.

"Kin dawo mini da shi," take ta maimaitawa. "'Yata, kin dawo mini da shi."

Sau da yawa tsangwamar da ke fitowa daga bakin dangin miji ba ƙiyayya ba ce, wani tsohon ciwo ne da ba a taɓa tambayar mai shi ba. Da Mahbuba ta biye wa zuciya, da ta hau dutsenta a shekarar farko ta dawo ta tarar da gida a rabe. Da Abdulƙahhar ya ci gaba da fakewa da ƙarya, da ya rasa amanar matarsa bai kuma warkar da yayarsa ba. Haƙuri da gaskiya ne suka ba su tafiyar, suka kuma ƙara wa Mahbuba uwa.