Usur ɗin da Kakan Barau Bai Busa Ba

Ku matso kusa, 'yan jikokina. Ke, bar taɓa fitilar nan.

Da can jirgin ƙasa yana ratsa Dutsen Maje ta wani tsagi da aka fasa masa. Tsagin kuwa gidan aljanu ne. Duk direba ya sani, kafin ya shiga sai ya busa usur, su kwashe 'ya'yansu daga kan dogo. Wata rana Baturen da ke cikin tarago ya ce kansa na ciwo, kada a dame shi. Direban, Maikano, ya shige shiru.

An daɗe da cire dogon. Yanzu 'yan birni ke zuwa hawan dutse don nishaɗi, jikan Maikano, Barau, shi ke musu ja-gora.

Ran nan da rana tsaka baƙin suka tsaya ɗaukar hoto. Barau ya yi gaba shi kaɗai, da 'yarsa Lantana a wuya, 'yar yaye mai ƙiwa, ba ta yarda da kowa sai shi.

Cikin tsagin sanyi. Ko tsuntsu babu. Sai ga wata mata zaune kan guntun ƙarfe, zaninta duk gawayi.

"Sannu, Inna."

Bakinta ya motsa. Maganar sai daga baya ta iso.

"Jikan Maikano. Har kunnuwan."

"Ban ma san shi ba, Inna."

"Ni na san shi. Tawa ma kamar wannan take, tana wasan tsakuwa a nan ranar da ya shige shiru. Sauke ta."

Ya so juyawa, ƙafa ta ƙi. Ƙasa ta fara rawa. Warin hayaƙin kwal ya cika masa hanci.

"Inna, ki ɗauke ni a madadinta."

"Me zan yi da ƙato? Sauke ta."

Hannuwansa suka sauke yarinyar da kansu, yana kallo. Lantana ta zauna daram a tsakiyar hanya, ta ɗebi tsakuwa tana dariya. Jirgin da ido ba ya gani na tahowa ta bayansu, ba ƙara, sai girgiza.

Baki kaɗai ya rage masa. Ya kurma ihu, dogo, har maƙogwaro ya tsage.

Uwa dai uwa ce. Matar nan ba ta san sa'ad da ta zabura ba, ta fizge yarinyar, ta manne da bangon dutse. Iska mai zafi ta wuce fuu.

Ta daɗe riƙe da ita, tana shinshinar kanta.

"Ashe da Maikano ya yi haka, da na kai ga tawa."

Ta miƙa masa 'yar kamar ana yankar namanta. Sannan ta ɗora yatsa a maƙogwaronsa.

"Wannan nawa ne. Kakanka ya hana ni."

Barau bai sake magana ba. Lantana ta girma, ta yi aure, ba ta tuna muryar ubanta. Har yau yana kai baƙi dutse, da sanda yake nuna musu hanya, amma ta bayan tsagin yake zagawa da su.

Kai mai rawar kai, da kai nake. Kada in ji ka bi wurin nan kai kaɗai. Matar ta karɓi murya, ba ta ce ta yafe ba.